Gadar da ba ta gudu ba

Kawuna maharbi ne, kusan shekara arba'in yana shiga duwatsun Filato. Da ya zo Jos gaishe mu makon jiya, cikin hira ya ba ni labarin wata gada da ya tarar tsaye a bakin rafi, yawu na zuba, ta rame, ta kalle shi ba ta ko motsa ba. Na ce, "Kawu, me ka yi da ita?" Ya ce, "Rabo ne ya tsaga." Miya aka yi da ita.

Tun ranar abin ya tsaya mini a rai.

A Amurka akwai wata cuta da ke ramar da barewa har ta mutu, an fara lura da ita a jihar Kolorado a 1967. Barewar tasu ba irin tamu ba ce, ƙahonta rassa gare shi, yana faɗuwa duk shekara wani ya fito. Abin da ke kawo cutar ba bakteriya ba ne, ba bairos ba ne, wani gurɓataccen furotin ne da ke cinye ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Yana fita ta yawu da fitsari da kashi, ya yi shekaru a cikin ƙasa, tafasa nama ma ba ta lalata shi. Har yau ba magani, ba rigakafi, sai dai ba a tabbatar ta taɓa kama mutum ba. Masu binciken ƙwayoyin gado sun gano cewa wasu barewa, saboda irin halittar da suka gada, sun fi wasu daɗewa kafin ta kayar da su. Da ta ɓulla a Norwe a 2016, garke guda na wajen dabba 2,000 gwamnati ta sa aka harbe kaf don kada ta bazu.

Ban ce gadar Kawu wannan cutar ce ta kama ta ba. Abin da ya ɗauki hankalina shi ne yadda suke samun bayanin. A jihohi da dama na Amurka maharbi ne ke kai kan abin da ya harbo a gwada. Wato mai bindiga shi ne idon mai bincike.

Mu kuma ga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a ƙofar gidanmu tun 1924. Cutar bushiya da ta share garken Fulani a 1983, ɓauna ma tana kashewa, sai a 2011 aka ayyana kawar da ita daga duniya. Zazzaɓin Lassa da ɓera ke ɗauka, a nan Jos aka yi jinyar waɗanda suka fara kamuwa a 1969. Ba mu ne za a koya wa cewa ciwo na fitowa daga daji ba.

A ganina ilimin ba shi ne ya yi ƙaranci ba, hanya ce babu tsakanin maharbi da likitan dabbobi. Maharbi na tsoron a ce ya taɓa dabbar da doka ta hana, sai ya yi shiru. Ƙungiyoyin mafarauta kuwa suna da sarakunansu, magana ɗaya daga bakin sarkin baka ta isa.

Na faɗa wa Kawu duk wannan. Ya kurɓi shayinsa, ya ce, "To ɗana, in na ɗauko kan gada zuwa Vom, wa zai biya mini kuɗin mota?"