Ciwon ɓarin kai yana da maganinsa, amma likita ne zai zaɓa

Da yawa cikin masu fama da ciwon ɓarin kai a Arewa ba su taɓa jin wani ma'aikacin lafiya ya kira ciwon da sunansa ba. Mace ta shige ɗaki ta sa a sauke labule, gefe guda na kanta na sara, ga tashin zuciya, ko ƙarar cokali a kwano ba ta son ji. A aiki yaro kemis, ya dawo da maganin maleriya da taifot, da wasu ƙwayoyi a ƙulle cikin leda babu suna. Bayan kwana biyu ta miƙe, a ce magani ya karɓe ta. Alhali ciwon ne ya lafa don kansa, domin yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 ya wuce, ya kuma dawo. Yawan matan da ke fama da shi ya ninka na maza kusan sau uku.

Abin takaicin shi ne akwai maganin da aka yi don wannan ciwo takamaimai. Sumatriptan ya shiga kasuwa a Turai tun 1991, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Aikinsa ya bambanta da na Panadol: yana tsuke jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, ya hana fitar sinadaran da ke rura zafin. Ƙwaya ɗaya ta miligiram 50 ko 100, in an sha da zarar ciwon ya soma, takan ceto wa mutane da dama wuninsu cikin awa biyu. Wanda ya yi ta dauriya har amai ya fara, ya rage wa maganin ƙarfi.

To me zai hana kowa ya je ya saya kawai? Wannan tsuke jijiyoyin da ke kawo sauƙi shi ne kuma haɗarin. Ba a ba mai ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, ko mai hawan jinin da bai daidaita ba. Mu kuwa nawa ne cikinmu ke yawo da hawan jini ba su sani ba? Ba a kuma haɗa shi da ergotamine, sinadarin da ke cikin Cafergot, wani maganin ɓarin kai, sai an bar tazarar awa 24. Mai kemis da ke sallamar mutum biyar a lokaci guda ba zai auna jini ba, ba zai tambayi matar da ke ganin walƙiya a idonta kafin ciwon ya zo ko tana shan ƙwayar tazarar haihuwa ba. Tambayar tana da muhimmanci, don ƙwayar da ke ɗauke da sinadarin istrojin tana ƙara wa irin wannan mace haɗarin shanyewar jiki. Shi ya sa nake ganin takardar likita a nan kariya ce.

Akwai kuma tarkon yawan sha. Duk wanda ke shan sumatriptan, ko tramadol, ko kodin, kwana 10 ko fiye a wata, ko Panadol kwana 15, maganin kansa zai iya zame masa sanadin ciwon kai na kullum. Tramadol dai bai kamata ma a kusance shi don ɓarin kai ba. Mun ga abin da ya yi wa matasanmu. Wanda ciwon ke yawan kwantar da shi maganin rigakafi yake buƙata, irin propranolol ko amitriptyline, wanda ake sha kullum.

Na san za a ce ganin likita a ƙauye ba abu ne mai sauƙi ba, kuma gaskiya ne. Amma auna jini da yin 'yan tambayoyi ba sai ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi su sa sumatriptan a rumbunan maganin manyan asibitoci, su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ɓarin kai, su kuma san ciwon kan da ba a jira da shi: wanda ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman a lokacin zafi da sanƙarau ke yawo.