Wanda ya tambayi kuɗin shinkafa ba ɗan Faransa ba ne

'Yan'uwana matasa, jiya a fada, majalisarmu ta shan shayi, wani dattijo ya ce buhun shinkafa ya fi ƙarfinsa, yaushe za a samu sauƙi? Kafin ya rufe baki wani yaro da bai kai sa'an autansa ba ya ce masa ɗan Faransa, maci amanar ƙasa. Sauran suka tafa, tsohon ya ɗauki hularsa ya tafi, shayinsa ko kurɓa bai yi ba. Wallahi raina ya ɓaci.

Karɓar mulki aikin yini guda ne. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum, kafin mako ya zagayo ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da Yamai ke dogaro da ita, kaya suka maƙale a tashar Kwatano, magani ya yi wuya. Sojojin Faransa sun fita a Disamba, to amma kashe-kashen Tillaberi bai bi su ba. Ga albashi, ga makaranta, ga damina. Gwamnatin da ke ɗauke da wannan kaya tana buƙatar mai gaya mata inda ake jin zafi, ku kuwa shi kuke toshe wa baki. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba.

Kullum kuna ɗora hoton Sankara, tsohon shugaban Burkina Faso, a Facebook. Kun san cewa cikin abubuwan da suka zubar wa juyinsa daraja har da 'yan kwamitin kare juyi na CDR, matasa irinku da suka riƙa cin zarafin mutane da sunan kare juyi? Malamai sun yi yajin aiki a 1984 aka kore su, makarantu suka ji jiki. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba, in kun kore shi wa zai nuna?

Kuma mai zagin nan, a bincika, tramol ne a aljihunsa, kwano ɗaya bai taɓa auno wa gidansu ba. Taken "Zancen ƙasa ne" a baki kawai, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ku ji tsoron Allah, ku sassauta harshe. Zamanin mulkin Janar Seyni Kunce 'yan samariya gayya suke fita, su yi aikin gari har rana ta faɗi, kuma yaro ba ya ɗaga murya gaban furfura ko da shi ke da gaskiya. Yau jikokinsu ne ke korar tsoho daga kan tabarma don ya ce yana jin yunwa.