Ku Zubar da Ruwan Injin Kafin Ƙanƙara Ta Riga Ku

Assalamu alaikum. Maganar tawa da ku ce, ƙannena mazauna Minesota, Mishigan da Ontariyo, musamman waɗanda Allah ya hore wa suka sayi ɗan jirgin ruwa mai inji na hannu, ko suka yi karo-karo suka mallaki guda. Oktoba ta kama, kuma na san da yawanku jirgin na nan kan tirela a bayan gida yadda kuka fito da shi daga tafki, kullum sai a ce bari Asabar ta zo.

Mu mutanen ƙasar zafi ne. Wanda ya tashi yana kallon masu jirage a Yawuri ko Baga bai taɓa jin an ce sanyi ya fasa inji ba, a gida ma ruwan famfo muke ɗura wa lagireto mu kama hanya. Nan kuwa lissafin daban ne. Ruwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100, kun dai ga yadda kwalbar lemo ke tsagewa in an manta da ita a firiza. Injin da ke cikin jirgi, irin su MerCruiser da Volvo Penta, yawancinsu ruwan tafki suke zuƙa su sanyaya kansu. In ka kashe, ruwan na nan kwance a cikin bulo, wato gangar jikin injin, da bututun salansa. Daren sanyi mai tsanani guda ɗaya ya isa ya tsaga ƙarfen. Ba za ka sani ba sai bazara, ka tayar da inji ka ga ruwa na tsiyaya a ƙasan jirgi, ka zaro sandar gwajin baƙin mai ka ga ya yi fari-fari. A lokacin, kuɗin gyara na iya fin ƙarfin abin da ka sayi jirgin, kuma inshora da yawa ba sa biyan ɓarnar daskarewa. Ka je ka karanta takardarka.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa ai sun zubar. Wani toshiyar gindin jirgi ya cire, wadda dokar Minesota ta wajabta a cire kafin a hau titi, ya ɗauka ya gama. Wannan ruwan cikin kwale-kwalen ta fitar, na inji ko ɗigo bai fita ba. Inji na da nasa magudanan, a gefen bulo da ƙarƙashin bututun salansa, a MerCruiser sau da yawa za ka gan su shuɗaye na roba. Ɗauko littafin injinka ka ƙirga su nawa ne, ka kwance kowanne. Kuma don Allah kada ka kwance ka juya baya. Tsaya ka gani da idonka. Tsatsa da yashi kan toshe ramin, ruwa ya ɗan ɗiga ya tsaya, kai kana murna ya ƙare. Zira 'yar waya ka sosa ramin, sai ka ga jan ruwa ya ɓalle yana kwarara a hannunka. Wannan ruwan ne mai kashe inji. Sannan ka cire manyan tiyo na famfon ruwa, ka karkata su su tsiyaye.

Bayan nan sai maganin hana daskarewa, ruwan hoda ɗin nan na jirage. Kada ka kuskura ka zuba na mota, guba ne, karen maƙwabci zai iya lasa, kuma a bazara cikin tafki zai ƙare. Lambar 50 ƙasa da sifili da ke jikin jarka, da sharaɗin bai gauraya da ruwa ba ne, shi ya sa zubarwa ke gaba. Masu tayar da inji ya zuƙi maganin daga bokiti ba tare da sun zubar ba, su sani in tamostat, wato ɗan makullin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya yi zafi, bai buɗe ba, maganin ta salansa zai fice ya bar bulo cike da ruwa.

Mai injin ratayawa a baya, naka da sauƙi: ka bar shi a tsaye, farfela na ƙasa, zai tsiyaye da kansa. Ka dai canja man giya yanzu, domin in ruwa ya shiga cikinsa shi ma zai fasa gidan.

'Yan uwanmu na Teksas da Jojiya, kada ku ce wannan ta 'yan arewa ce. Ku tuna Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya rufe Teksas, wuta ta ɗauke wa miliyoyin gidaje na kwanaki. Duk wanda ya dogara da hita ko ƙwan fitila a ɗakin inji, ranar ba shi da komai.

In jirgin na haɗaka ne, ku zauna yau ku ambaci sunan mutum ɗaya da aikin ke wuyansa, kada kowa ya zaci ɗan'uwansa ya yi. Dukiyar mutane ce, amana ce. Wanda bai iya ba, babu kunya, ya kai wa bakaniken jirage tun layi bai yi tsawo ba. Wanda ya yi da kansa kuma, ya zuba toshiyoyin a leda ya ɗaure a sitiyari, don kada a sa jirgi a ruwa a watan Mayu magudanai na buɗe.