Yunwar Haiti ba ranar guguwa take zuwa ba

Duk lokacin da guguwa ta afka wa Haiti, ƙasar da ke yankin Karibiyan, hotunan gidajen da suka rushe ake yaɗawa na mako guda, sai kowa ya kama gabansa. A ganina babbar ɓarnar tana gona, kuma sai bayan watanni take bayyana.

Ku duba guguwar Matthew da ta faɗa wa kudu maso yammacin ƙasar ranar 4 ga Oktoba, 2016. Ta kashe mutum sama da 500, ta bar kusan miliyan 1.4 cikin buƙatar agaji. Yankin garin Jeremi na cikin wuraren da ke ciyar da ƙasar, kuma arzikinsa bishiya ne: ayaba, kwakwa, koko, mangwaro. Wake kan nuna cikin wata uku, dankali wata huɗu. Ayaba kuwa sai ta kusan shekara, kwakwa ta haura shekara biyar. Manomin da kwakwarsa ta kwanta, abincin shekaru ya rasa a dare ɗaya.

Daga nan abin ke taɓarɓarewa. Rumbu ya jiƙe, irin da ya tsira an dafa wa yara, akuyar da ta rage an sayar da arha. Lokacin shuka ya zo, hannu babu komai. Sai mutum ya koma sarar itace yana ƙona gawayi, tsauni ya ƙara tsiraita, ruwan gaba ya kwashe ƙasar noman ya zuba wa na gangare. Irin wannan ambaliyar ce ta cinye garin Gonayib a 2004.

Shinkafar agaji tana ceton rai a makonnin farko, ban musa ba. Amma tun 1995 da aka rage harajin shinkafar waje zuwa kashi 3 cikin ɗari, ta Amurka ta danne manoman kwarin Artibonit, inda Haiti ke noman shinkafarta, har tsohon shugaban Amurka Bill Clinton ya amsa a 2010 cewa kuskure ne.

Abin da ya kamata ya isa ƙauye kafin shuka ta wuce shi ne irin wake da masara, saiwar dankali, sandar rogo, adda, da kuɗi a hannu domin kasuwar gari ta motsa. Rufin gidajen da za a sake ginawa kuma, kada a mayar da kwano mara kauri da gajerun ƙusoshi. Iska daga baki take shiga ta ɗaga shi, don haka a ɗaure katako da bango da ɗamarar ƙarfe, a matse ƙusa a gefuna, a taƙaita bakin rufin.