Ranar da Na Haska Silin

Abokina ya roƙe ni in ɗauki iyalinsa hoto, ni kuwa ban jima da koyon juya kan filashi sama ba, abin yana ta cina. In ka harba haske kai tsaye, goshi ya yi ƙyalli, baƙar inuwa ta manne a bango. In ka buga shi a silin kuwa, sai ya bazu ya sauko da laushi. Na jera su a falo, na ɗaga kan filashin, na danna.

Kowa ya ɗaga kai sama. Kawun abokina ya ce, "Yaro, mu ka zo ɗauka ko fanka?"

Na leƙa hoton. Duhu, sai fararen idanu. Kyamarar na kan f/8 (faɗin ƙofar lensi da haske ke shiga; ƙaramar lamba, babbar ƙofa) da ISO 100 (ƙarfin jin hasken kyamara), filashin kuma da hannu na saita ƙarfinsa, daidai da ɗauka kai tsaye. To amma yanzu hasken hawa yake yi ya sauko, haske kuwa ba ya yafe nisa: in tafiya ta ninka, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Silin ma sai ya ci nasa rabon.

Na ce, "Kawu, gwaji ne." Na rage gudun shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, daga 1/200 zuwa 1/30 na daƙiƙa. Kwan fitilar falo ya fito tas, autan gidan ya motsa ya samu kai biyu, fuskoki kuwa da ƙyar suka ɗan washe. Walƙiyar filashi tana gamawa tun shata ba ta rufe ba, don haka hasken ɗaki kawai jinkirin yake ƙarawa. Masu iko da filashi su ne ƙarfinsa, ƙofar lensi, ISO da nisa.

Na mayar da shata, na buɗe lensi zuwa f/5.6, na kai ISO 400. Haske ya ninka takwas, ya zo daidai. Sai dai duk gidan sun fito kore shar kamar ɗanyen ganye, domin silin ɗin koren fenti ne, haske kuwa launin abin da ya taɓa yake kwasowa. Matar abokina ta leƙa ta ce, "Ikon Allah! Haka muke?"

A bayana akwai farin bango, shi ya kamata in nufa tun farko. Na murɗa kan filashin baya, na ƙara masa ƙarfi, ban san abokina ya zagayo yana leƙen kyamara ta kafaɗata ba. Na danna, ya sha walƙiyar a ido. Ya yi salati, ya tafi da lalube yana neman kujera, ya zauna daram a cinyar surukarsa. Na sake dannawa, kuma wannan hoton ne ya fito ba duhu ba kore, har zanen ɗankwalinta ana gani.