Ƙwai ya kama, amma ka faɗi

Yaron shagona na wayarin wutar lantarki zai shiga jarrabawar gwajin sana'a, wato Trade Test, ta Ma'aikatar Ƙwadago, mataki na 3, wanda da shi ake farawa. Jiya na kafa masa katako, na ce ya haɗa mini ƙwan fitila ɗaya da makunni biyu, irin na matakalar bene. Kafin in shanye shayina ya gama. Ƙwai ya kama, yana ta washe baki. Na ce masa ya faɗi jarrabawa.

"Oga, ai ga shi ya kawo!"

To, nan ciwonmu yake, mu masu wayarin. A wurinmu in wuta ta kawo aiki ya yi, a miƙo kuɗi. Mai duba jarrabawa kuwa hannunka yake kallo tun kafin ka ɗauki filaya. Ka kashe wutar daga tushe? Da me ka tabbatar ta mutu? Yarona tasta ya dangwala, don haka ya ga ina yi shekara 3. Laifina ne. Tasta takan yi shiru alhali waya na da rai, musamman da rana tsaka, ko kana kan busasshen tsani. Mitar hannu ta auna wuta ake sawa: ka gwada ta inda ka san akwai wuta, ka auna layinka, ka koma ka sake gwada ta. Volt 230 ba ta san ƙwararre ba.

Wayar ƙasa kuma, mai kore da rawaya, ya naɗe ta ya cusa cikin akwati, wai ba ta aikin komai. Haka take, sai ranar da jikin firji ya ɗauki wuta, yarinya ta taɓa da jiƙaƙƙen hannu. A makunni ɗaya ma baƙar waya ya katse maimakon ja mai ɗauke da wuta. Ƙwai zai mutu, amma mazauninsa na nan da wuta yana jiran mai canjawa.

Girman waya bai ba ni tsoro ba, ya san waya mai kaurin 1.5 ta fitila ce, mai 2.5 ta soket. Abin da nake roƙon 'yan uwana iyayen gida shi ne mu daina ce wa yara jarrabawar nan "takarda ce kawai". Mu muka koya musu gaggawar nan.

Na sa ya kwance komai. Yau da safe na tarar ya riga ni shago, mita na hannunsa, yana neman batir.