Wuƙar Yehoyakim a fadar matasan ikkilisiya

'Yan'uwana matasan ikkilisiya na Damagaram, akwai ayoyin da muke karantawa yatsanmu na nuna waje. A buɗe Matiyu 23:37, inda Yesu ya koka da Urushalima mai kashe annabawa, mai jifan waɗanda aka aiko mata, nan da nan hankalinmu ya tafi kan mutanen da ba sa taka majami'a. Na san dalili. Mu kaɗan ne a garin nan, kuma wanda ya ga hayaƙin majami'un da aka ƙone a Janairun 2015 bai manta ba. Amma da su wa Yesu yake? Da masu Haikali, masu Attaura a ka, masu fid da zakka har ta ganyen na'ana'a. Gargaɗin na 'yan gida ne.

Ku karanta Irmiya 36 a natse. Lokacin sanyi ne, Sarki Yehoyakim yana zaune, kaskon wuta a gabansa. Ana karanta masa littafin da magatakarda Baruk ya rubuta daga bakin annabi Irmiya. Da an karanta sashe uku ko huɗu sai sarkin ya sa wuƙa ya yanke, ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Bai yi ashar ba, bai ta da murya ba. Abin da ke tsorata ni shi ne aya ta 24: daga sarkin har barorinsa babu wanda ya razana. Allah kuwa ya sa aka sake rubutawa, aka ma ƙara maganganu a kai.

Haka muke yi ran Lahadi da yamma a fada, wato majalisarmu ta shan shayi, buta na kan gawayi. Fasto ya taɓo zina, ko bashin da ba a biya, ko gabar da ta raba ƙungiyar mawaƙa biyu, sai yanka ya fara. Wannan ya ce, "Ai da wane yake." Wancan ya ce, "Wa ya kai masa gulma?" Wani kuma, "Shi ɗansa fa?" Kafin shayi na uku wa'azin ya zama toka, abin da ya rage sai a ƙarasa shi a WhatsApp.

Sarki Ahab na Isra'ila ya fi mu gaskiya. Yana da annabawa wajen 400 masu ce masa ya tafi yaƙi, nasara tasa ce, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ya ƙi jinin annabi Mikaiya don bai taɓa yi masa annabcin alheri ba. Ya sa aka kulle shi, ya tafi Ramot-gileyad, kibiyar da aka harba ba da saiti ba ta same shi. Mu ba ma cewa mun ƙi jinin kowa. Sai dai mu sake majami'a, mu ce can "ana jin Ruhu".

Dattawa ma kada su ce ba da su nake ba. Wanda ya kori annabi Amos daga Betel firist ne, Amaziya. Wani lokaci saƙon yana bakin gwauruwar da ta tambayi inda kuɗin baiko ya shiga, aka ce ta zauna, ba ta san tsari ba.

Ban ce duk mai riƙe da makirfo ɗan saƙon Allah ba ne. Akwai masu sayar da annabci, 1 Yohanna 4:1 kuma ta ce a gwada ruhohi. Mutanen Biriya kullum suna bincika Nassi su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, aka kuwa yabe su. To, gwaji da Littafi a buɗe ake yi. In ka ga fasto ya kauce, ɗauki ayarka, ka same shi a gida bayan sujada, ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ban gane nan ba." In zargi ne mai nauyi, 1 Timoti 5:19 ta ce sai da shaidu biyu ko uku, a kai gaban dattawa.